Dala 40 Da Karta Biyu

Akwai wani mutum da ya daɗe yana yawo a cikin littattafanmu na hikaya, wanda kusan kowa ya taɓa aron sa, amma har yau ba mu ga wanda ya zaunar da shi ya ji ta bakinsa ba. Wannan mutum shi ne ɗan caca. Shi ne mugun mijin da ake aura wa yarinya a kan dole, shi ne ɗan attajirin da ke lalata dukiyar gado, kuma galibi da jimla ɗaya ake gamawa da shi, wato ya tafi gidan caca, aka cinye shi, ya dawo ya sayar da gadon matarsa. To amma tsakanin tafiyar da cinyewar akwai awa shida ko bakwai, kuma a cikin awoyin nan mutumin yana tunani, yana lissafi, yana yanke shawara fiye da sau ɗari. Wannan wurin da muke tsallakewa shi ne muke so mu ɗan tsaya a kansa a wannan fitowa.

Tun kafin a yi mana mummunar fahimta, bari mu faɗi matsayinmu. Caca haramun ce, aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida ba su bar wata ƙofa a buɗe ba, kuma mu ko kwabo ba mu taɓa ɗorawa a kan karta ba. Allo da alli ne suka kai mu ga wannan batu. Aikinmu koyar da lissafi ne a makarantar sakandare, kuma duk shekara idan muka iso babin lissafin yiwuwar abu, sai mu tarar littafin karatu cike da misalan karta da na ɗan ludo. Ba banza ba kuwa, domin a teburin caca aka haifi wannan reshe na ilimi. A shekarar 1654 ne wasu masana biyu na Faransa, Pascal da Fermat, suka yi musayar wasiƙu a kan yadda za a raba kuɗin da aka zuba idan wasa ya tsaya kafin a gama shi. Sa'annan a 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka fitar da babban littafinsu a kan lissafin wasanni da tattalin arziki, kuma a cikinsa sun ware wa wasan karta na poka wuri na musamman. Bin sawun waɗannan mutane ne ya sa muka karanta abin da muka karanta game da poka, har muka ci karo da mutumin da muka sa wa suna mai guntun jari.

YADDA WASAN YAKE

Poka wasan Amurka ne, kuma nau'in da ya fi shahara shi ne wanda ake dangantawa da jihar Teksas. A 1967 wasu 'yan wasa daga can suka kai shi birnin Las Begas na jihar Nebada, inda aka halatta caca a dokarsu tun 1931, kuma a 1970 Benny Binion ya soma gasar duniya ta poka a gidan cacarsa. Amma mu ba manyan gasa muke nufi ba. Muna maganar ƙaramin tebur ne na ƙarshen zaure, inda mutum tara ke zaune da tsabar kuɗinsu da aka canza musu zuwa ƙwandalolin roba: direban mota, da tsohon ma'aikaci mai cin fansho, da ɗalibi, da baƙon da ya zo yawon buɗe ido.

Karta 52 ce, dangi huɗu, kowane dangi 13. Ana ba kowa karta biyu a rufe. Kafin a raba, mutum biyu dole su yi zubi, ɗaya dala 1, ɗaya dala 2, kuma wannan zubin dole yana zagayawa daga kujera zuwa kujera. Bayan kowa ya leƙa kartarsa, sai a bi layi: ko ka ajiye ka fita daga wannan rabon, ko ka biya abin da aka sa, ko ka ƙara a kai. Idan an gama wannan ne mai raba karta zai shimfiɗa guda uku a buɗe a tsakiyar tebur, a sake zubi, ya ƙara ta huɗu, a sake, ya ƙara ta biyar. Wanda ya haɗa biyar mafi daraja daga nasa biyun da na tsakiya biyar, ko wanda kowa ya janye ya bar masa, shi ke kwashe tulin kuɗin. Akwai kuma ƙa'ida ɗaya da ya kamata a riƙe. Abin da ke gabanka a kan tebur da shi kaɗai za ka yi wasa a wannan rabon. Ba a zura hannu aljihu a tsakiya, kuma ba a korar ka don wani ya fi ka kuɗi. Idan ka tura duk abin da kake da shi, za a buɗe sauran kartar da kai, sai dai ba za ka ci daga wurin kowa fiye da abin da ka zuba ba.

A irin wannan tebur mutane kan zauna da dala 100 zuwa 300. Mutuminmu kuwa dala 40 ce a gabansa, wato babban zubi sau 20 kacal. An ba shi karta biyu, ba a shimfiɗa komai ba tukuna, kuma layi ya iso kansa. Wannan shi ne lokacin da muke nufi.

BURI YANA DA TSADA

Hanyoyin da karta biyu za su iya fitowa daga 52 guda 1,326 ne, kuma kowane ɗalibinmu na aji biyar zai iya fitar da wannan adadi: 52 sau 51, a raba biyu. Idan aka haɗa masu kama da juna, iri 169 ne. A cikinsu akwai waɗanda suke da ƙarfi tun daga farko, kamar as biyu ko sarki biyu, akwai kuma waɗanda ƙarfinsu alkawari ne kawai, kamar biyar biyu, ko bakwai da takwas 'yan dangi ɗaya. Waɗannan na biyun su ne kartar buri. Ba su da wani abu yanzu, amma idan shimfiɗa ta zo daidai sukan zama abin da ba wanda ya yi zato.

Alal misali, mutuminmu yana riƙe da biyar biyu. Wani a gabansa ya ƙara kuɗi zuwa dala 12, wanda ba abin mamaki ba ne a irin waɗannan tebura, inda ake ƙari mai nauyi. Zuciya tana ce masa ya biya ya gani, ai idan biyar ta uku ta fito ya gama da su. Lissafi kuwa yana cewa biyar ta uku tana fitowa a shimfiɗar farko kusan sau 2 ne a cikin 17. A sau 15 ɗin da ba ta fito ba, yawanci dole ya ajiye, ya yi asarar dala 12 sau 15, wato dala 180. A sau biyun da ta fito, ko da abokin karawarsa ya biya shi komai, ba zai ci fiye da dala 40 da ɗan zubin dole dala 3 ba, wato dala 86 a duka biyun. Ya fitar da 180 ya maido 86. Idan kuwa mai dala 300 ne ya riƙe wannan kartar a gaban wani mai dala 300, sau biyun nan za su iya kawo masa ɗaruruwa, don haka biyan dala 12 a wurinsa ciniki ne mai ma'ana. Karta ɗaya, kujera ɗaya, amma abin da yake daidai ga mai kuɗi kuskure ne ga mai guntun jari.

Wannan shi ne abu na farko da ya tsaya mana a rai. Mun saba jin cewa buri shi ne abin da ya rage wa talaka idan komai ya ƙare. A wannan tebur kuwa, mai kuɗi ne yake da halin sayen buri. Marubucin da zai zana mana ɗan caca ya sani cewa mutumin ba da tsalle ɗaya yake faɗawa rami ba. Dala 12 ce a nan, dala 2 a can, kowacce da hujjarta mai daɗin ji, har tulin gabansa ya narke kamar ƙanƙara a rana.

ZAMA MA BA KYAUTA BA NE

To sai a ce ya yi haƙuri ya jira karta mai ƙarfi. Gaskiya ne, kuma duk littattafan da suka yi magana a kan guntun jari wannan ce shawararsu ta farko. Amma jiran ma yana da farashi. A tebur na ido da ido ana yin rabo kusan 30 a awa. Kowane rabo 9 zubin dole yana cin dala 3, wato kimanin dala 10 a awa ɗaya, rubu'in jarin mutuminmu, ba tare da ya yi komai ba. As biyu kuwa sau ɗaya suke zuwa a rabo 221, wato sama da awa bakwai. Ko da ya faɗaɗa, ya ce zai shiga da duk tagwaye daga goma biyu zuwa as biyu, da as da sarki, da as da sarauniya, wannan hanyoyi 62 ne a cikin 1,326, wato sau ɗaya a rabo 21. Kafin su zo ya biya kusan dala 7.

Bugu da ƙari, kujerar da yake kai tana canza darajar abin da ke hannunsa. Idan shi ne na farkon magana, mutum takwas ne a bayansa, kuma yiwuwar a sami aƙalla ɗaya mai irin waccan karta mai ƙarfi ta kusa 1 cikin 3. Idan kuwa mutum biyu ne suka rage a bayansa, yiwuwar ta sauko zuwa kusan 1 cikin 11. Saboda haka as da goma abin ajiyewa ne a kujerar farko, abin ƙari ne a kujerar ƙarshe. Wanda ya yi magana a ƙarshe ya ji ta bakin kowa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa zama a zauren dattawa.

SHAWARA ƊAYA TAK

Mai dala 300 yana da wurare huɗu da zai yi tunani a kowane rabo, yana iya shiga ya fita, ya gwada ya ja da baya. Mutuminmu ba shi da wannan sarari. Idan ya sa dala 12 wani ya biya, tulin tsakiya ya zama dala 27, a gabansa kuma saura 28. Zubi ɗaya ya rage masa a duniya. Don haka masana wasan sukan ce wanda ya sa kusan sulusin jarinsa ya riga ya shiga, ko ya sani ko bai sani ba. Shawararsa ta gaskiya guda ɗaya ce, kuma yana yanke ta ne kafin ya ga ko karta ɗaya daga cikin biyar ɗin da za su yanke hukunci.

Mu ɗauka yana riƙe da as da sarki, ba 'yan dangi ɗaya ba. Wani ya ƙara zuwa dala 12, wani ya biya, ga zubin dole dala 3, tuli ya kai dala 27. Idan ya biya 12 kawai, to sau biyu cikin uku shimfiɗa ba za ta kawo masa as ko sarki ba, ya tsaya yana zare ido. Idan kuwa ya tura dala 40 ɗin gaba ɗaya, ƙofa biyu ya buɗe wa kansa. Ta farko, kowa ya janye, ya kwashe dala 27 ba tare da an buɗe komai ba, wato fiye da kashi biyu cikin uku na jarinsa. Ta biyu, wani ya biya, a buɗe karta biyar duka, kuma ba wanda zai iya razana shi ya ajiye domin ba abin da ya rage a karɓa a wurinsa. Idan mai biyan as da sarauniya yake riƙe da su, mutuminmu zai ci kusan sau 3 cikin 4. Idan sarauniya biyu ce, zai ci kusan kashi 43 cikin 100. Idan sarki biyu ne, kusan kashi 30. Idan as biyu ne, ya shiga uku, ƙasa da kashi 10.

A nan ne ƙarfin mai guntun jari yake, kuma shi ne kaɗai ƙarfinsa. Ba ya tsoron barazana, ba ya buƙatar karanta fuskar kowa a zubi na uku da na huɗu, kuma manyan masu kuɗi da ke shiga da kartar buri don su cinye junansu sukan bar masa kuɗi a tsakiya idan ya turo nasa. Wasu marubutan poka na Amurka, irin su Ed Miller, sun ba masu koyo shawarar su zauna da ɗan kuɗi kaɗan da gangan saboda wannan sauƙi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, in ji masu iya magana, amma gatarin nan sara ɗaya gare shi.

ABIN DA ALLO BA YA NUNAWA

Duk abin da muka faɗa a sama ana iya rubuta shi a bayan ambulan. Me ya sa to mafi yawan masu guntun jari a ƙananan tebura ba sa bin sa? Amsar ita ce wurin da lissafi ya ƙare, aikin marubuci ya fara.

A tebur na ido da ido kowa yana ganin tulin kowa. Mai dala 500 ya jera nasa kamar ganuwa, mutuminmu kuma 'yan ƙwandaloli ne da tafin hannu ɗaya zai rufe. Wanda ya ajiye karta sau 20 a jere ana lura da shi, wani ya yi masa ba'a, mai raba karta ya daina kallon wajensa. Kunya sai ta tura shi ga ɗaya daga cikin abu biyu. Ko ya koma ɗan leƙe, yana biyan dala 2 a kowane rabo don dai a san yana nan, sa'annan ya ajiye da zarar wani ya ƙara. Ko kuwa ya gaji, ya tura komai da sarki da tara, yana cewa a yi ta ta ƙare. Bayan haka, ranar da ya yi haƙurin ya sami sarki biyu, duk tebur ya san mutumin da ya yi awa guda shiru ba da wasa ya motsa ba, sai masu hankali su janye ya kwashi 'yan daloli kaɗan.

Sa'annan ba duk masu dala 40 ne ɗaya ba. Akwai wanda da ita ya zo, ya san abin da yake yi, idan ya ninka ta zai tashi. Akwai wanda ita ce iyakar abin da ya mallaka, kuma tsoron rasa ta zai sa ya ajiye as da sarki a lokacin da lissafi ya ce ya tura. Akwai kuma wanda da dala 300 ya zauna da magariba, yanzu ƙarfe biyun dare, kuma a idonsa ba dala 40 yake gani a gabansa ba, ramin dala 260 yake gani. Wannan na ukun shi ne ɗan cacan littattafanmu. Wani abokin karatunmu da ya yi shekaru yana tuƙin tasi a Las Begas ya taɓa gaya mana cewa da asuba yana gane irinsu tun kafin su rufe ƙofar mota, domin su ne ke tambayar nawa ne kuɗin tafiya kafin su faɗi inda za su. Irin wannan ɗan ƙaramin abu shi muke nema a labari mu rasa.

LA'ADAR MAI GIDA

Yanzu mu koma ga as da sarki a gaban sarauniya biyu, domin mun ɓoye wani abu. Tuli ya zama 40 da 40 da 12 da 3, wato dala 95. Kashi 43 cikin 100 na 95 ya ɗan haura dala 40, ke nan turawar ba ta da asara ko a wannan hali. Amma gidan caca ba sadaka yake yi ba. A ƙananan tebura na Amurka gida yakan cire la'adar kashi 10 cikin 100 daga tuli, har zuwa wata iyaka, dala 5 ko makamancin haka. A cire 5 daga 95 saura 90, kuma kashi 43 na 90 bai kai dala 39 ba. Shawarar da take daidai a kan allo ta koma asara, tun kafin a yi maganar tukuicin dala 1 da akan ba mai raba karta.

A duba kuma yadda la'adar take faɗuwa a kan mutane. Tulin dala 50 yana biyan dala 5, kashi 10. Tulin dala 500 shi ma dala 5 yake biya, kashi 1. Mai guntun jari kusan duk tulinsa ƙanana ne, don haka ninki goma yake biya a kan abin da babba ke biya. Wannan ne ya raba caca da kasuwa. Mai ɗan tebur a bakin titi shi ma guntun jari gare shi, shi ma yana saye bai san abin da gobe za ta kawo ba, amma idan ya sayar da sabulu shi ya sami riba, mai saye ya sami sabulu. A teburin karta ba a ƙera komai, ba a noma komai. Abin da mutum tara suka tashi da shi kullum bai kai abin da suka zauna da shi ba, kuma bambancin ya zurara ta wata 'yar kafa da ke gefen mai raba karta.

Masu son wasan suna da labarin da suke ƙarfafa wa juna gwiwa da shi. A gasar duniya ta 1982, Jack Straus ya tura kuɗinsa aka cinye, har ya miƙe, sai aka ga ƙwandala ɗaya ta rage masa, ya koma ya zauna, daga ƙarshe shi ya lashe gasar. Abin ya faru, amma a gasa ne, inda ƙwandala ba kuɗi ba ce, kuma ba yadda za ka yi da ita sai wasa. A teburin tsabar kuɗi akwai shawara ta huɗu bayan ajiyewa da biya da ƙari, wadda ba ta cikin jadawalin kowane littafi: mutum yana iya miƙewa a kowane lokaci, ya kai ƙwandalolinsa taga, a ba shi dala 40 ɗinsa ya tafi gida. Ita ce kaɗai shawarar da ba a cire mata la'ada, kuma ita ce wadda mutumin ƙarfe biyun dare ba ya iya gani.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wata shekara mun shiga aji da kwalin karta domin ɗalibai su ƙirga 1,326 ɗin nan da hannunsu. Washegari wani uba ya zo wurin shugaban makaranta, yana cewa an soma koya wa ɗansa caca. Muka zauna da shi muka yi magana ta fahimta, kuma tsoronsa tsoronmu ne. Inda muka bambanta shi ne magani. Shi yana ganin a ɓoye wa yaro abin, mu kuwa mun san yaron akwai waya a aljihunsa, kuma cacar ƙwallon ƙafa ba ta neman izinin uba kafin ta shigo. Yaron da ke zuba naira 200 a kan wasa goma a jere mai guntun jari ne da ke sayen buri, kuma shi ma akwai mai gida da ya riga ya cire la'adarsa a cikin farashin. Malamai suna gaya masa haramun ne, kuma gaskiya suka faɗa. Mu muna nuna masa a kan allo cewa asara ce. Saura wanda zai sa shi ya ji a jikinsa yadda abin yake kama mutum, kuma wannan ba wanda zai iya sai marubuci.

An taɓa yi kuwa. Dostoyevsky na Rasha ɗan caca ne da ya sha asara a garuruwan Jamus, kuma bashi ya sa ya sa hannu a wata yarjejeniya da mawallafi, cewa idan bai kawo sabon littafi ba kafin 1 ga Nuwamba 1866, mawallafin zai riƙa buga ayyukansa shekara tara ba tare da biyan sa ba. A cikin kwana 26 ya yi shiftar labarinsa na ɗan caca ga wata budurwa mai saurin rubutu, Anna Snitkina, wadda ya aura a 1867. Har yau ana karanta littafin, domin mai karatu yana zama a cikin kan mutumin, yana jin hujjojinsa, har ya kusa yarda da su kafin ya farga. Ba muna cewa sai marubuci ya shiga wuta zai iya siffanta zafinta ba, Allah ya kiyaye. Muna cewa ne ya yi bincike, ya yi tambaya, ya riƙe alƙalami ya yi lissafin da jarumin nasa yake yi.

Saboda haka ya kai ɗan'uwa mai shirin rubuta littafi, idan ka kai mutuminka wannan wuri kada ka yi sauri. Gaya mana nawa ya zo da shi, nawa ya rage, kuma kuɗin na mene ne tun asali, na haya ne ko na maganin yaro. Gaya mana abin da ke hannunsa da abin da yake gaya wa kansa. Ka bar shi ya yi daidai sau ɗaya a cinye shi, ka bar shi ya yi wauta sau ɗaya ya ci, domin wannan cin shi ne ƙugiyar da ke riƙe shi. Ka nuna mana ƙofar fita tana buɗe a bayansa tun daga farko har ƙarshe. Idan ka yi haka ba sai ka rufe babin da wa'azi ba, mai karatu da kansa zai yi wa kansa.

Muna fatan 'yan'uwa masu ra'ayi a kan wannan batu, ko na goyon baya ko na suka, za su aiko wa edita domin mu ƙaru da juna. Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa wa alƙalumanmu albarka, amin. Wassalam.